Igiyar Jar Fata

Ranar wata Alhamis ce ta ƙarshen damina, ina aji biyar na firamare. Na tabbata Alhamis ce, domin ita ce ranar da ba mu da makarantar allo da yamma. Ruwa ya cika fadamar da ke gangaren Ƙofar Dundaye har ya shanye gonakin shinkafa, iska tana kaɗowa daga gabas, ni kuma ina tsaye cikin taɓo ina kallon Nasiru, ɗan Baffana, a kan jirginmu. Abin da muke kira jirgi tsohon ƙyauren katako ne da muka ɗaura wa jarkoki huɗu a ƙasa, muka kafa gora a tsakiya, muka ɗinka mata buhun taki don ya kama iska. Nasiru na tsaye a kai, hannu biyu a kan gora, tabaransa na sheƙi, an zagaye ƙeyarsa da sabuwar igiyar jar fata. Ni kaɗai a bakin ruwan nan na san abin da zai sami igiyar.

Gida ɗaya muka tashi da Nasiru, kuma wata huɗu kawai na ba shi. Tare muke kai awaki kiwo, tare muke ɗebo ruwa, tare muke shan bulala. Tabarau ne ya raba mu. Tun da malamin ajinmu ya lura ba ya ganin allo, Baffa ya goya shi a babur zuwa asibitin ido, suka dawo da wani ɗan akwati mai ƙyalle mai laushi a ciki. Daga ranar aka mayar da shi bencin gaba. Aka hana shi hura wuta saboda hayaƙi, aka hana shi tsayawa inda ake shiƙar gero saboda ƙaiƙayi, duk waɗannan ayyuka suka dawo kaina. Kakarmu, wadda muke kira Inna, ta laƙaba masa suna Malam Ƙarami, baƙi kuma in sun shigo shi suke fara tambaya karatu. Ƙyashi ya kai ni har na fara lumshe ido ina cewa ni ma ba na gani. Aka kai ni asibitin. Da aka nuna mini allon haruffa, sai zuciyata ta ƙi yarda in faɗi harafin da na san ba shi ba ne, na karance su har layin ƙarshe. Likitan ya ce wa mahaifina, “Wanga yaro idonai ya hi nau.” Ban taɓa jin yabon da ya ƙona mini rai kamar wannan ba.

Wuri ɗaya ya rage mini, shi ne fadama. A can ni ne gwani, domin ni na fi kowa iya karkata buhu ya sha iska, kuma ni na fi kowa nisa, ko da yake ban taɓa kaiwa ɗaya gaɓar ba. Nasiru ba ya shiga. Idan ya cire tabarau ba ya ganin inda ya dosa, idan ya bar shi a fuska zai faɗa ruwa, saboda haka shi ne mai gadin takalmanmu a gindin giginya. Ina jin daɗin wannan zama nasa fiye da yadda ya kamata.

Sai ga shi wata rana ya zo mini da abu biyu a tafin hannu, yana son ya ɗaure tabaransa da ɗaya don shi ma ya hau jirgi. Ɗaya zaren roba ne da ya yanko daga tsohon tub na keke, irin wanda muke yin danƙon harbin tsuntsu da shi. Ɗaya kuma igiyar jar fata ce mai laushi da ya roƙo a rumfar dukawa. Ni ya tambaya domin kawuna baduku ne, kuma kowane hutu a rumfarsa nake yini ina miƙa masa basilla. Na sha jin kawu yana cewa, “Fata in tash sha ruwa, sakin jiki takai.” Nasiru ya ce, “Kai ka san fata. Wace ta hi?” Na ce, “Ta fata ta fi kyau.” Na daɗe ina auna waɗannan kalmomi. Babu ƙarya a cikinsu, domin ta fi kyau ga ido. Amma ba kyau ya tambaya ba, kuma na sani.

A ranar Alhamis ɗin ya faɗa ruwa sau biyu tun a bakin gaɓa, ya taso yana dariya, tabarau na nan daram, igiya kuwa tana ta shan ruwa. A hawa na uku iska ta ɗauke shi, ya wuce karan da na kafa alamar nisana, yara suna tafi. Can tsakiya jirgin ya girgiza, ya sunkuya ya dafa katako, na ga wani abu ya yi walƙiya ya nutse. Bai saki gorar ba. Haka ya tafi ba ya ganin komai, har jirgin ya soki ɗaya gaɓar. Muka yi ta lalube cikin taɓo har aka kira magariba, ba mu samu ba.

Sai bayan girbin shinkafa aka yi masa wani tabarau. A tsakanin nan ni aka sa in riƙa karanta masa abin da ke allo, kuma a gwajin tsakiyar zango na zo na ɗaya, ya zo na tara, ko na goma, ban tabbata ba. Ba wanda ya kula da sakamakona. Zancen unguwa shi ne Malam Ƙarami ya ƙetare fadama ba ido, Inna kuma kullum sai ta ware masa hanta, wai tana ƙara gani.

Yau gefen fadamar da muke ajiye takalma ya zama gidaje, giginyar ma babu ita. Ni da likita ya yaba wa ido, karatun jami'a ya sa mini tabarau, kuma ba wanda ya sauƙaƙa mini ko aiki ɗaya saboda shi. Bara na je wa Nasiru a gidansa na Arkilla da jawabin da na kwana biyu ina tsarawa, na faɗa masa komai dalla-dalla. Ya saurara yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce, “Ai tun ran nan na gane. Ɗan gidan dukawa bai san fata ba? Ci gyaɗa, malam.” Ashe ni kaɗai na yi ta ɗaukar kayan nan duk tsawon shekaru, shi ya sauke nasa tun a bakin ruwa.

Har wannan sauƙin zuciyar ma na yi masa ƙyashinsa.