Ranar da Hala Maryam ta daina shigowa gidanmu

Muna kallon musalsal ɗin Meksiko, wato fim mai dogon zango, a gidanmu na unguwar Awali a Madina, lokacin dish bai daɗe da shigowa ba, sai ga Hala Maryam, matar maƙwabcinmu. 'Yar Meksikon ce.

Ni da tsokana, na miƙe ina karkaɗa ƙugu irin na matan fim ɗin. "Ya Hala, maza nawa kika yaudara kafin ki musulunta?"

Kowa ya yi dariya, ban da ita.

Ta ce, "Ya binti, a talabijin baƙar mace shara da wanke-wanke kawai take yi. Iyakar Ummanki ke nan?"

Har suka bar Madina ba ta sake taka ƙofarmu ba, ni kuma kunya ta hana ni zuwa.

Jama'a, yanzu ina zan kai wannan ban-haƙurin?