Tabon Walda a Garmar Malam Sirajo

Kullum bayan sallar asuba Malam Sirajo yakan hau jirgin ƙasa na farko daga unguwar Wangsa Maju zuwa garejin da yake aiki a gefen gari. Kafin ya taɓa motar kowa, sai ya yaye tamfol ya gaida Gwaggo. Gwaggo tarakta ce ja, ta girme shi, daga hannun 'yan gwangwan ya ƙwato ta.

Karatu ne ya kawo shi ƙasar nan mai nisa da gida, inda harshe ma ba namu ba ne. Karatu ya ƙare, sifana ta riƙe shi. Babu ɗalibinmu da bai kai masa matacciyar mota ko fankar da ta yi zuciya ba, kuma ladansa yawanci "Allah ya saka" ne, wanda ba a karɓa a kedai, wato kanti.

Ni ba mai yabo ba ne. Na karanta tarihin manya da yawa, na lura galibinsu mutuwa ce ta gyara musu hali. Wannan kuwa yana raye, gara in faɗa yana ji.

Burinsa ɗaya ne: gasar huɗa ta tsofaffin taraktoci da wasu manoman shinkafa ke shiryawa a arewacin birni. Dokokinsu sun fi na neman biza tsauri. Dole tarakta ta kasance tsohuwa, garmarta sa'arta, kuma duk ƙarfen da ke taɓa ƙasa ya zama na asali, ba sabon ƙira, ba walda. Bakin garma irin na zamanin Gwaggo sai daga ƙetare, kuɗin jirginsa ya fi kuɗin ƙarfen. Shekaru ya yi yana haɗa ta, noti bayan noti. Abokansa na zaune a mamak, gidajen shayi da abinci na nan, shi yana cin gayan shinkafa da yaji.

Ta kammala ke nan, korona ta shigo. Aka ɗage gasa, aka kulle gari, zuwa kasuwar Chow Kit ya gagara. Iyalan ɗalibai suka koma auna albasa da ido.

Da aka ɗan sassauta, Saudatu, matar wani ɗalibi, ta zo gareji da ƙullin irin yakuwa da kuɓewa da ta taho da su daga gida. Akwai fili a baya, dattijon da ke da garejin ya ce musu boleh, wato su noma. Amma ƙasar ta ci fartanya biyu, don ɓaraguzan gini ne a binne.

"Baba Sirajo, wai ita Gwaggon nan hoto kawai take ɗauka?"

"'Yar gasa ce, Saudatu."

"To ta yi gasa da yunwa mana. Yara bakinsu ya bushe da miyar gwangwani."

Ya san abin da ke cikin ƙasar nan, ya san kuma tsohon ƙarfe ba ya son dutse. Duk da haka ya tayar da Gwaggo. A kunya ta uku muka ji ƙas! Bakin garma ya rabu biyu. Usaini, mijin Saudatu, ya dafe kai. Malam Sirajo ya sauko, ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya ce a miƙo masa garkuwar walda. Ya yanko sifirin tsohuwar babbar mota ya liƙa. Kafin la'asar fili ya kwanta kunya-kunya, miƙaƙƙu kamar an ja su da zare.

Wata biyu bayan nan aka fara rabon yakuwa hawa-hawa a benayenmu. Ni ma an aiko min da kwano. Tun rasuwar matata Hadiyya ban ci miyar da ta hana ni ƙorafi ba sai ranar.

Da annoba ta lafa aka sa ranar gasa, Usaini ya zo da dabara.

"Baba, a goge wajen da giranda, a shafa fenti. Wallahi ba mai ganewa."

"Ni fa? Ni ma ba zan gane ba?"

Ya shafa fentin kuwa, amma rawaya, a kan tabon kaɗai, yadda ko makaho zai yi tambaya.

Mun cika bas muka raka shi, da kuloli. Alƙalin gasa ya durƙusa, ya shafa waldar da yatsa, ya girgiza kai. Doka doka ce, an cire Gwaggo. Sai dai bayan an gama ba da maki, suka bar masa gefen gona ya yi huɗarsa. Matanmu suka rangaɗa guɗa har wanda ya ci kofi ya waiwayo yana neman wanda ya ci. Alƙalin kansa ya yi ƙari a miyar yakuwa, yana share gumi.

Malam Sirajo, kai ne ka tara abu shekara da shekaru, ka kashe shi a yini ɗaya, ba ka taɓa yi mana gori ba. Kai ne ka ƙi ɓoye tabo a zamanin da kowa ke yawo da fenti. Na sifana, gagara tsatsa!

Wata mai zuwa za ka koma gida, ka ce Gwaggo ta zauna wa filin. Mun gode, Allah ya sa ka gama lafiya.

Sauran mu kuwa, kowa yana da abin da ya lulluɓe da tamfol yana jiran ranar gasa. A yaye. Akwai fili a baya.