Mutumin da Ke Jikin Bangonmu

Shekarun baya, lokacin da garuruwan arewacin jiharmu suke faɗawa hannun 'yan bindiga, yayata, wadda muke kira Adda, ta iso gidanmu a Limawa da ƙafafu a kumbure, tana riƙe da 'yarta da ba ta kai shekara bakwai ba. Mijinta bai zo tare da su ba. Ranar da aka shiga garinsu ita tana kasuwa, shi kuma yana gona da yarinyar. Wasu mata ne suka tsinci yarinyar a daji, suka haɗa ta da uwarta a hanya. Duk wanda ya tambayi yarinyar ina Baba, sai ta ce, "Yana gona." Ba ta ƙara komai.

Wannan amsar Adda ta riƙe da hannu biyu. Babu sansanin gudun hijirar da ba ta hau keke napep ta je ta duba fuskoki ba. In baƙuwar lamba ta kira wayarta, kafin ta yi ƙara biyu ta ɗauka.

Ni a lokacin ɗalibi ne, makaranta a rufe, ba ni da aiki sai kallon fim a tsohuwar kwamfutata da ganin kaina a matsayin mai ilimin gidan. Wata rana na kunna wani fim na rayuwar wata mai zane a wata ƙasa mai nisa. Yaƙi ya raba ta da mahaifinta tana ƙarama, sai ta riƙa zana shi a bango tana masa hira. Ban san yarinyar tana bayana ba sai da na juya ina goge ido.

"Kawu, da gaske ne?"

"Da gaske ne. Matar ta rayu har ta tsufa."

"Yana jin ta?"

Ni kuma da iyayi na ce, "Yana ji mana."

Washegari ta ɗebo gawayi a murhu, ta zana mutum a bangon bayan ɗakin girki. Ƙaton kai, dogayen ƙafafu, ga fartanya a kafaɗa. Muka yi ta dariya. Tana kai masa ruwa a murfin kwalba, tana ba shi labarin akuyar maƙwabta. Na yi ta cika baki cewa ni na samo mata magani.

Bayan 'yan kwanaki hirar ta koma raɗa. Sai ta zana wasu ƙananan mutane can gefe, kowanne da sanda a hannu. Da yamma ta goge su da yawu, da safe ta sake zana su, amma kullum sai sun ɗan ƙara matsowa kusa da shi. Muna cin abinci sai ta ɗaga hannu ta ce, "Baba ya ce ku rage murya." Mahaifiyata ta sa aka yi mata addu'a, ta ce in je in wanke bangon. Na tafi da bokiti, na tsaya a gaban zanen, tsigar jikina ta tashi. Na dawo na ce gawayin ba ya fita. Tun daga ranar, mai ilimin gidan ba ya zagawa bayan ɗakin girki shi kaɗai.

Wata rana da la'asar sakaliya, ƙara ta tashi daga wajen kasuwa. A ƙirji na ji ta kafin kunne. Kwanukan rufi suka amsa, mutane suka cika layi da gudu, kekuna suna juyawa a tsakiyar titi. Muka leƙa ɗaki, babu yarinyar. Ƙofar gida a buɗe take. Adda ta fita babu takalmi tana kwala mata kira, ni na bi ɗaya layin ina duba fuskar duk yaron da na gani. Hayaƙi yana tashi daga can, ni kuma zuciyata tana ta raya mini cewa can ta nufa.

Maƙwabciyarmu, wata malama 'yar Numan da Hausa ba ta gama zama a bakinta ba, ita ta tare mu. "Ku dawo! Yarinyan yana bayan kicin, na hango shi ta katanga."

Mun same ta ta manna jikinta da bango, ta buɗe hannuwa ta rufe zanen. Ba ta ma san mun zo ba.

"Baba, ka kwanta. Kar ka tashi. In ka tashi za su gan ka kamar wancan ran. Yau ba zan yi kuka ba, wallahi ba zan yi ba."

Adda ta durƙusa a hankali. "Wane ran?"

"A gona. Ya sa ni cikin dawa, ya ce in yi shiru. Na yi kuka. Sai ya tashi ya yi gudu can, suka bi shi. Ya faɗi. Na jira, na jira, bai tashi ba."

Adda ba ta yi ihu ba. Jan yarinyar ta yi jikinta, tana cewa, "Ba laifinki ba ne," har muryarta ta dushe. A makon nan ta shiga takaba. Daga baya, da hanya ta buɗe, mutanen garinsu suka tabbatar da inda suka binne shi.

Yau yarinyar tana sakandare, ta kusa kamo ni tsayi, kuma babu wanda ya kai ta tsokana a gidan. Amma har yanzu in na tuna, ba ƙarar bam ɗin ce take tsorata ni ba. Watannin nan ne da ta yi tana cin tuwo da mu, tana wasa a tsakar gida, tana ɗauke da wannan abu ita kaɗai, mu manya muna ta tsara yadda za a tarbi mahaifinta.

Kwanan baya muna zaune mu biyu na tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko. 

"Kawu," ta ce, "ai ni a lokacin na ɗauka in dai ban faɗa ba, abin bai gama faruwa ba."