Tubarkallar da ta maƙale mini a Damaturu

Ana sallame sallar asuba muka bar Potiskum, ni da ƙanwar maigidana, a wata tsohuwar bas da sai an ɗaure ƙofarta da igiya. Tireloli sun sha lodin shanu sun jeru a bakin titi, suna ta turnuƙe mu da baƙin hayaƙi. A Damagum muka tsaya na sayi ƙosai mai zafi, ƙanana kamar an auna da cokalin shayi. Direba kuwa mitar tsadar fetur yake yi har muka shiga Damaturu.

Gayyatar Fanna na amsa. Benci ɗaya muka zauna da ita a sakandare, kuma Allah ne shaida, littafina na kemistiri take kwafa. Ni na yi aure, ina kuma gode wa Allah da gidana. Ita ta wuce jami'a. Yanzu ita da abokan karatunta sun kafa ɗan kamfani a bayan gari, suna haɗa man mota daga iska.

Na zaci katafaren gini zan gani. Ashe kwantena biyu ne, da farantan sola a shimfiɗe kamar an yi shanyar barkono, sai manyan fankoki suna ta zuƙar iska. Fanna ta fito cikin farar rigar aiki har gwiwa, ta rungume ni tana cewa, "Yagana! Malamata ta iso!" Rigar nan ce ta fara sukar zuciyata.

Ta zagaya da mu tana bayani. Fankokin suna tace iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda motoci ma ke fitarwa. Sai a haɗa ta da wata iskar da ake cirowa daga ruwa da wutar sola, mai ya riƙa ɗigowa. In an ƙona shi, abin da aka ɗebo daga sama shi ke komawa, babu ƙari. Na gane komai tsaf, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Sai ta ɗaga kwalbar man, garai-garai kamar ruwan sha. Ƙanwar maigidana ta ce tubarkalla masha Allah. Mai gadi ma ya faɗa. Ni da nake tsawata wa yarana in sun yaba jaririn maƙwabta ba su faɗa ba, sai bakina ya ƙi buɗuwa.

Aka zuba man a janareta don mu gani da ido. Aka ja, shiru. Aka sake ja, ya yi tari ya mutu. Na tabbata idona ne ya kama shi. Baiwar Allah ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan abin nan, ni kuma na shigo mota takanas na zo na lalata mata.

Na ja ta gefe, hawaye na zuba.

"Fanna, ki yafe mini. Ban ce tubarkalla ba. Tun da na iso nake jin ƙyashinki."

Ta dube ni, ta tuntsire da dariya har tana dafa kwantena.

"Kai, Yagana! Har yanzu kina nan da ɗaukar laifin duniya a ka? Fulogi ne, tun jiya yake ba mu wahala."

Sai dariyar ta tsaya, ta miƙo mini kwalbar.

"Amma faɗi. Taki nake jira tun ɗazu."

Na riƙe da hannu biyu, na faɗa sau uku. Janareta dai bai tashi ba sai da aka sauya fulogin.

Da la'asar sakaliya muka iso gida, na ɗora tuwo. 'Yan uwa, ba zan yi muku ƙarya in ce ƙyashin ya tafi ba, yana nan. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, fatan alheri ba ya jiran zuciya ta huce. Yanzu a kowace sujada ina sa Fanna da fankokinta a addu'a. Wata rana da sauƙi, wata rana sai na cije leɓe, amma ina sawa.