Azumin Mutum Na Goma Sha Biyu

Mu biyar ne a gidan, a hawa na huɗu a wata unguwa ta Giza, dukkanmu ɗaliban jami'ar addini daga arewacin Najeriya. Wannan a ƙarshen shekarun saba'in ne. Huɗu samari ne masu ji da kansu, ni ne kuma sarkin masu ji da kan, don na fi kowa Larabci kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Na biyar ɗinmu ya girme mu da kusan shekara ashirin. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, ya ajiye kaki yana laftanal, ya tattara ɗan abin da ya samu ya zo Masar neman ilimi. A gabansa Yallaɓai muke ce masa. A bayan idonsa kuwa Laftanal, wani lokaci har da ƙamewa da sara wa bango.

Larabcinsa abin tausayi ne. In ya je sayen burodi sai ya yi ta nuni da yatsa kamar kurma. Amma tun da ya shigo gidan ba mu ƙara rigima a kan wanke-wanke ba. Ya raba aiki, ya manna takarda a ƙofar kicin, kowa ya san ranarsa. In famfo ya ɗauke, sai mu tarar ya riga ya cika jarkoki tun jiya. Ko a motar haya ba ya zama sai kusa da ƙofa.

Abin da na fi tsokanarsa a kai shi ne azumi. Ba na Litinin da Alhamis ba. Sai ya ɗauki wata biyu cur a jere, ya huta kaɗan, ya sake ɗauka. Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Na sa wa abin suna azumin rowa.

"Yallaɓai," nakan ce masa, "in kuɗin wake ne babu, ai sai ka faɗa a yi maka karo-karo."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya shirye ka, Malam."

Bayan sanyin wata shekara sai ya daina. Wata uku, wata huɗu, ba azumi. Yana cin abinci tare da mu, amma maimakon ya murmure sai ramewa yake yi. Na lura, na kuma yi masa ba'a a kan hakan ma.

Wata Juma'a muka shirya yawo a jirgin haya na kogin Nilu. Bai taɓa yarda ya shiga jirgin ruwa ba, ranar muka matsa masa lamba har ya bi mu. Da muka zauna ya kwance igiyar takalmansa, ya ƙirga mu da ido, ya sake ƙirgawa. Jirgin ya cika maƙil. A gabanmu akwai wata Bamasariya da yaranta biyu, ta ɗaure hannayensu da ƙyalle ɗaya ta haɗa da nata don kada su ɓace mata a cunkoso.

Jirgin na kaiwa tsakiyar ruwa sai na ji tsawa a kunnena, irin wadda ban taɓa ji daga bakin mutum ba.

"Kwance! Kwance su!"

Laftanal ne, da Hausa, a tsaye. Kafin mu ankara ya kai hannu ya fizge ƙyallen daga hannun yaran. Matar ta ƙwala ihu, yaran suka fashe da kuka, maza suka taso mana. Ni na shiga tsakani ina ta ba da haƙuri da Larabci, ma'alish, ma'alish, ina cewa ba shi da lafiya. Da ƙyar aka bar mu. Kunya ta ishe ni, haushi kuma ya fi kunyar. Da muka sauka na juya zan wanke shi tas, sai na gan shi a durƙushe, ya kasa ɗaure takalmi.

Bai ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi, "Malam, akwai jini a wuyana. Ina so in san hukuncinsa kafin in mutu, Larabcina kuwa ba zai ɗauki maganar ba. Za ka zama bakina a gaban shehi?"

Na ce to.

Akwai wani tsohon malamin fiƙihu da yake zama bayan La'asar a wani ƙaramin masallaci a unguwar Dokki. Ya koyar da baƙaƙen fata da yawa, ya san mazhabarmu. Wurinsa muka je. Muka jira mutane suka watse, muka durƙusa a gabansa. Ya sa aka kawo shayi, ya ce, "Bismillah, ya ibni," wato ya ɗana.

Laftanal ya soma, yana yi yana tsayawa ina juyawa zuwa Larabci.

Ya ce a lokacin yaƙi an tura shi kudu, can inda ƙasa take ƙarewa ruwa ya fara. Kurmi ne wanda rana ba ta ratsa shi. In mutum ya yi taku goma gabanka, ya ɓace. Yaransa duk 'yan arewa ne, sun saba da fili, inda ake hango mutum tun daga nesa. A makon farko ya rasa biyu, ba harbinsu aka yi ba, ɓacewa kawai suka yi. Sai ya tuna yadda ake tsallake gulbi a garinsu da damina: a ɗaura igiya ɗaya a ƙugu, babba a gaba, kowa a bayan wani. Ya sa aka nemo igiya. Daga ranar, duk inda za su ratsa surƙuƙi a ɗaure suke tafiya, shi ne a kan gaba. Bai sake rasa kowa ba. Har manyansa suka yaba, wasu rundunonin suka kwaikwaya.

Shehi ya gyaɗa kai ya ce dabara ce mai kyau. Na juya masa. Laftanal ya ci gaba.

Sai umarni ya zo a kama wani ƙauye da ke tsallaken ruwa. Shi ya tsara yadda za a yi. Ba za a tunkari mashigar ƙauyen ba, don nan ake jiransu. Rabin mutanensa za su tsaya a wannan gaɓa su yi ta harbi don a ɗauke hankalin abokan gaba in an ba su alama, shi kuma zai zagaya da kwalekwale ya sauka ta bayansu da sassafe. A taswira abin ya yi kyau. Amma ruwan can ba irin namu ba ne. Teku ne ke tura shi, ya cika ya janye sau biyu a yini. Masuncin da zai tuƙa su ya ce a jira ruwa ya tsaya, yanzu janyewa yake da ƙarfi. Laftanal ya duba agogo. An ce masa wayewar gari, shi kuwa bai taɓa makara ba. Ya ce a shiga.

Mutum goma sha biyu ne tare da shi, ba wanda ya iya iyo. Kowa da bindiga, da harsasai, da takalmin soja. Suna tsoron ruwan, ya gani a idonsu. Sai ya ce a kawo igiya.

Nan na gane inda labarin ya dosa. Na juya dai.

Masuncin ya roƙe shi, ya ce ba a ɗaure mutum a kan ruwa. Ya daka masa tsawa. Kofur ɗinsa, wanda garinsu ɗaya, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙullawa, ya ɗaura wa Laftanal a gaba, ya ɗaura wa kansa a bayansa. Da suka ji igiya a ƙugunsu hankalinsu ya kwanta, har wani ya yi dariya.

A tsakiya ruwa ya juya kwalekwalen a karkace, ya maka shi da wani kututture. Suka kife. Na ƙarshe ya nutse ya ja na gabansa, shi ma ya ja na gabansa. Masuncin, da ba a ɗaure shi ba, ya yi iyo ya fita. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Da aka shiga ƙauyen daga baya, babu kowa a ciki, sun tashi tun kwana biyu.

Shehi ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya tambaya yadda shi ya fita.

Laftanal ya dubi tabarma. Ya ce shi Allah ya haɗa hannunsa da wata saiwa da ta fito daga ruwa, ya riƙe. Nauyin mutum goma sha ɗaya yana jan ƙugunsa. Kofur bai nutse ba tukuna, kansa a waje, tazarar hannu biyu tsakaninsu, yana kallonsa yana cewa, Yallaɓai, riƙe, Yallaɓai, riƙe.

"Sai na zaro wuƙa na yanke igiyar," in ji shi. "Tsakanina da shi na yanke. Da na miƙa hannu na yanke ta bayansa, wataƙila mu biyu mu fita. Ban gwada ba."

Kaina ya yi dum. Mutumin da nake cin tuwo da shi kwano ɗaya, wanda ni ma nake kira Yallaɓai kullum ina dariya. A lokacin ne kuma lissafin ya faɗo mini. Wata biyu a jere kaffarar kisan kuskure ce, wata biyu ga kowane rai. Na ci jarrabawa a wannan babin da maki mai kyau, na zauna ina kallon abin a gidanmu fiye da shekara, ban gane ba. Jaki da littattafai a baya, ni ne.

Shehi yana jirana. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa da Larabcina mai kyau, "Sai igiyar ta tsinke, Allah ya kuɓutar da shi."

Har yau ban san ko tausayinsa na ji ba, ko kuwa kunyar a ce ɗan ƙasarmu ne ya yi haka. Shehi ya ɗaga hannu ya soma addu'a, yana cewa ƙaddara ce, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Laftanal bai fahimci Larabcin ba, amma fuskar tsohon yake kallo. Ya juyo gare ni.

"Ba ka faɗa masa ba."

"Na faɗa, Yallaɓai."

"Fuskarsa ba ta canza ba. Ba wanda zai ji wannan fuskarsa ta zauna haka."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar wuƙar da yake yanka mana albasa da ita. Ya ajiye ta a kan tabarma gaban shehi. Ya nuna ƙugunsa, ya nuna ni kamar ni ne kofur, ya ja hannu a iska tsakaninmu. Addu'ar ta tsaya a bakin tsohon. Ya dube ni, duban da na fi son mari a kansa.

"Ya ibni, bakinsa aka ce ka zama, ba alƙalinsa ba. Faɗi abin da ya ce."

Na faɗa duka, ina kuka kamar yaro. Laftanal ya ƙara da tambayar da ta kawo shi. Ya ce ya gama wa goma sha ɗaya, shekara da shekaru yana yi, don su kuskurensa ne ya kashe su. Da ya zo kan kofur sai ya tsaya. Ya ji malamai suna cewa azumi na kuskure ne, mai ganganci kuwa azumi ba ya wanke shi. Shi bai san wanne ya yi ba. Abin da yake so ya ji ke nan: yana da izinin yi wa kofur azumi, ko ba shi da shi?

Sai a nan na gane abin da na so in yi masa. Na so in samo masa hukuncin cewa ba komai a kansa, alhali ba shi ya zo nema ba.

Shehi ya ajiye kofinsa. Shayinsa ya huce. Sannan ya yi tambaya biyu. Lokacin da ka sa wuƙa, mutuwarsa kake nufi ko ranka? Laftanal ya ce, raina. Ka tabbata da ka gwada za ka cece shi? Ya ce, ban tabbata ba, ban dai gwada ba.

Tsohon ya ɗauki wuƙar ya ninke ta, ya sa masa a tafin hannu, ya riƙe hannun da nasa biyu.

"Ni ban ga mai ganganci a gabana ba. Na ga mutumin da ruwa ya firgita. Ka yi masa wata biyu kamar 'yan'uwansa. In ka koma gida ka nemi iyalinsa ka faɗa musu gaskiya. Abin da ya rage yana wurin Allah, ni ilimina bai kai can ba."

Na juya masa kalma bayan kalma. Na zaci zai rushe. Sai na ga ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka, ya kifa goshi a tabarma ya daɗe.

Da muka fito rana ta yi sanyi amma titi yana huci, don tsakiyar bazara ce, yini mai tsawo, zafin da ko Ramadan ne ya faɗo ciki sai mutane sun koka. Muka yi ta tafiya har muka kusa tashar mota. Can ya tsaya ya riƙe hannun rigata.

"Malam, tsakaninka da Allah. Cewa ya yi in yi?"

"Cewa ya yi ka yi."

"Ba ka rage ba, ba ka ƙara ba?"

"Wallahi ban rage ba, ban ƙara ba."

Ya sake ni. Ya tsallaka wurin mai wake, ya yi ta nuni da yatsa yadda ya saba, ya sayi wake da burodi na sahur. Ya dawo ya miƙo mini ƙunshin in riƙe masa, ya durƙusa yana gyara igiyar takalminsa. Wannan karon ya ɗaure ta tsaf.

"Gobe zan fara na kofur," ya ce. "Ya daɗe yana jira."