Ranar da Na Yi Ɗawafi da Bas

Yau in na tuna ranar da aka fara damƙa mini bas ni kaɗai dariya nake yi, amma a lokacin kuka ne kawai ban yi ba. Shekarata ta farko ke nan a Makka, ina aiki da wani kamfanin jigilar alhazai da tasharsa ke unguwar Kudai. A ƙa'idarsu, sabon direba sai ya yi wata uku yana bin babba, sannan a gwada shi. In ya ci a tabbatar da shi, in ya faɗi a mai da shi wankin mota.

Gwajina shi ne in kwashi alhazan Nijeriya in kai su masaukinsu a Aziziyya. Mudir, wato shugaban tasharmu, ya tambaye ni ko na san hanya. Na ce kamar tsakar gidanmu.

To, hanyoyin Makka ta cikin duwatsu suke bi, kana kuskure rami ɗaya sai ka ɓullo inda ba ka zata ba. Na shiga, na fito, sai ga ni a Kudai. Na ce wa alhazai taya muka dawo dubawa. Na sake shiga, na sake ganin Kudai. A karo na uku wata Hajiya 'yar Gusau ta ɗaga murya daga baya: "Direba, in ɗawafi muke yi ka gaya mana mu yi niyya, saura huɗu!"

Bas ta kaure da dariya. Mudir kuwa yana bakin ƙofa yana ƙirgawa da yatsa. Ya karɓi makulli, ya miƙo mini bokiti.

Na yi mako biyu ina wanki, kowa ya gan ni sai ya ce "Hajji mabrur." Ana haka wani ɗan garinmu da ke unguwar Shisha ya ce in gudu in same shi, mu riƙa sayar da kaya a bakin titi. Na san wanda ya gudu iƙamarsa ta mutu, wato takardar zama, kuma ranar da aka kama shi sai gida. Duk da haka kunya ta sa na haɗa jakata.

Washegari aka tura ni rakiyar wata bas da ta lalace zuwa garejinmu na hanyar Jidda. Babban makanike a can Baba Yohanna ne, Bahaushe Kirista daga wajen Malumfashi. Garejin yana bayan iyakar Harami, kuma wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, don haka bas ce ke zuwa wurinsa. Yana fitowa daga ƙarƙashin mota ya ce, "Kai ne mai ɗawafin?"

Da na ga labari ya kai har nan, sai na fayyace masa niyyata.

Ya goge hannu, ya ce, "Ɗana, zauna. Farkon zuwana na haɗa inji tsaf, na manta ban zuba baƙin mai ba. Injin ya ƙone a gaban maigida. A coci ana ba mu labarin wani mabiyin Yesu da ya musanta shi har sau uku, ya fita ya sha kuka. Amma bai gudu ba, kuma daga baya shi aka damƙa wa jama'a. Kai ma ai uku ne. Faɗuwar ta wuce, jarabar ita ce muryar da ke ce maka gudu. Ka roƙi Allah, ni ma zan sa ka a addu'a."

Ya jawo kwali, ya zana mini ramukan nan ɗaya bayan ɗaya da baƙin yatsansa. Na ce, "Baba, ka taɓa shiga Makka ne?"

Ya ce, "Ko sau ɗaya. Amma na daɗe ina sauraron waɗanda suka ɓata. Shi kansa mudir ɗinku, Harami aka taɓa aika shi, sai ya kai mutane Mina."

Na koma na kwance jaka, na ba mudir haƙuri. Duk ranar hutu sai in hau tasi ina bin hanyoyin da kwalina a hannu. Bayan wata guda aka sake gwada ni, na kai alhazai har ƙofar masauki.

Yanzu ni nake horar da sababbi, kuma na gane cewa a aikin nan duk direban da bai taɓa ɓata ba, bai daɗe ba ne. Shi ya sa in wani ya kwafsa ba na fara shi da faɗa. Shayi biyu nake sayowa, in fara ba shi labarin tawa ɓarnar.