Watandar Kuran a Hannun Illa

"Kyauta ce fa, Malam! Kyauta aka yi maka, ba sata aka ce ka yi ba!"

Gumsu ke nan, ta riƙe ƙugu a ɗakin batirin sola na garinmu, nan ƙasar Yekuwa, tana yi wa mijinta Illa tsawa a gaban jama'a. Shi kuwa yana kan benci, hula a gwiwa, kamar ba da shi ake ba. A gefe ga Mas'udu shugaban komiten kuran, wato wutar lantarki, wanda ya jawo faɗan. Illa zai ajiye aikin rabon kuran, ido ya yi rauni, sai komite ya ce a haɗa gidansa da layin likita, wanda ba a yankewa ko da hadari ya rufe rana, shi kuma Illa ya ƙi. Gumsu lamurje take sayarwa, abin sha mai son sanyi, kuma duk garin nan babu firigo, wato firji, da ya kai nata shan hutu.

A bar su tukuna, Gumsu ba ta gajiya da wuri.

Tun da aka kafa mana panon nan, allunan sola masu kama hasken rana, duk macen da ta yi sammakon ɗiban ruwa ta san abin da za ta gani: Illa da tsumma da bokiti, yana goge pano kamar mai wanke fuskar jika. In ya gama sai ya dubi gabas. Gari garau, ya ce, "Yau mai ƙiba aka yanka." In hadari ne, ya ce, "Yau ramamme ne, a yi haƙuri." Kafin zuwan kuran shi ne mai rabon watanda. A haɗa hannu a sayi sa, Illa ya kasa nama, kowa ya zaɓa, shi ya ɗauki kashin da aka bari. To, haka ya riƙi kuran. Ya ce wannan ma sa ne, ba ya wuce girmansa don bakuna sun yi yawa.

Da farko kowa magariba yake jira: mai tele, mai cajin waya, mai niƙa. Kafin a idar da isha batiri ya kwanta, a yi ta zagin juna. Da tsakar rana kuwa kuran na zuba ba mai ɗiba. Illa ya bi gida gida yana roƙon mata su kai niƙa daga hantsi zuwa azahar. Ɗela mai injin niƙa ta ce masa, "Kai Illa, uwar wa ka taɓa gani tana niƙa rana tsaka?" Ya je ya zaune wa komite har suka sa kuran rana ya fi na yamma araha. Washegari Ɗela ce ke leƙa katanga tana kiran mata, wai dama ita ta ba shi shawarar.

Sai labarin Alhaji Dogo, kuma kada a ce a bakin wa aka ji. Ya rantse wa komite cewa ampul da fanka kaɗai yake da su, ashe wani ƙaton firigo ne ya sayo daga Najeriya ya ɓoye bayan buhunan wake. Illa ya ga layin unguwarsu na zuƙa kamar ɗan maraƙi. Bai kai ƙara ba. Ya je gaisuwa cikin zafin bazara, ya ce, "Alhaji, ko da ɗan ruwan randa?" Uwargida ba ta san zancen ba, ta kawo ruwa har da ƙanƙara na yawo a kai. Illa ya shanye, ya yi hamdala, ya ce, "Randar nan taku, a riƙa kunna ta da rana, a kashe da la'asar." Alhaji ya ce, "To, Malam."

Kai ne, Illa, mai kasawa ba ya zaɓa. Kai ne ka kashe lasifikar sunan jikan mai gari don famfon gari ya cika tanki, ka tafi da ƙafarka ka faɗa masa, ka zauna ka ci tuwon sunan. In sa ya rame, gidanka kake fara yankewa, kafin na gwauruwa, kafin na makaho. Shi ya sa in ka yanke wa mutum, zai yi guna-guni, ya leƙa gidan Gumsu ya ga duhu, ya haɗiye sauran maganar.

Mun gode, Allah ya saka, ya ƙara wa idon haske. Ku kuma samarin da za ku karɓi makullin ɗakin nan, ɗaga makunni ba wuya, har akuya ta iya in ta yi dabara. Ku koyi yanke wa kanku kafin ku yanke wa wani.

To, mu koma ga Gumsu, don har yanzu ba ta sauke hannu daga ƙugu ba.

Mas'udu ya ce, "Baba Illa, ka karɓa mana. Inna ta yi haƙuri da yawa."

Illa ya sa hularsa. "Na ji, ɗana. An ƙaro pano ne?"

"A'a, Baba."

"To ranar hadari, wutar wa za a rage a ba ni? Faɗi sunan gidan, in karɓa."

Mas'udu ya dubi ƴan komite, su kuma kowa ya sami abin kallo a takalminsa.

"Gidan Hinda!" in ji Gumsu. Hinda ita ce mai kasa lamurje daura da ita ranar kasuwa.

Dariya ta ƙwace wa mutane. Illa bai yi ba.

"Madalla, an sami suna," in ji shi. "Tashi ki je ki faɗa mata da bakinki. In ta yarda, ni ma na yarda."

Gumsu ta dube shi, ta dubi hanyar gidan Hinda ta taga. Ta ja mayafi.

"Allah ya haɗa ni da waliyyi, ni da ruwan zafi nake sayarwa!"

Ta fita, ta buga ƙofar langa-langar nan har tantabarun kan pano suka tashi.